Maganin Feshi a Gindin Randa

Kai da kake cewa abin da zai samu yaro sai ya same shi, gyara zama ka ji. An yi wata mata, matar wani manomin rani, suna da 'yarsu guda da ba ta daɗe da fara tafiya ba, irin shekarun da duk abin da hannu ya kai sai baki ya ɗanɗana. Mijin yana noman tumatir da tattasai a fadama, kuma yana da wata ɗabi'a da ta hana matar nan sakat. In ya dama maganin ƙwari ya yi feshi, ragowar ba ya zubarwa, sai ya ɗura a gorar roba ya taho da ita gida. Maganin kuwa in ya ji ruwa fari yake komawa, sak kunun aya, kuma a irin wannan gorar yakan sayo wa yarinyar kunun aya ranar kasuwa. Bai ga wurin ajiya ba duk faɗin gidan sai gindin randa, wai nan ne da sanyi, zafi yana kashe ƙarfin magani. Matar ta yi magana cikin lalama, ya ce ya ji. Ta ɗauke gorar ta rataye a ƙusa can sama, ya dawo ya sauko da ita yana tambaya ko ita za ta koya masa noma. Ta kai ƙara wurin wansa, wan ya yi dariya ya ce ai mata ba sa rabo da ƙorafi, su ma a cikin lauje da maganin ɓera suka tashi, ga su da furfura. Ran da haƙurinta ya ƙare ta tuttule gorar a masai, gidan ya ɗauki zafi, ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarta, a ƙarshe ita aka sa ta ba da haƙuri. Tun daga nan ta zama mai gadi a gidanta. Tana daka idonta na gindin randa, tana wanki idonta na can, ko salla za ta tayar sai ta goya yarinyar tukuna.

To amma ido ɗaya ba ya tsare gida. Wata rana da hantsi ta duba ta ga babu gora, mijin yana fadama, sai ta zaunar da yarinyar a inuwa da ɗan rogo a hannu, ta shiga wanka. A daidai lokacin ya dawo ɗaukar fartanya, ya dire gorar inda ya saba, murfin ma bai ɗaure da kyau ba, ya shafa kan 'yarsa ya fice. Da uwar ta fito, sai ta tarar da ita kwance kusa da randa, kumfa na fita ta baki, gorar a gefe ta yi rabi. Ihun da ta yi ya tara maƙwabta, wannan na cewa a ɗura mata manja, waccan na cewa a kawo nono. Ta fizge 'yarta daga hannunsu ta yi bakin hanya ba ko mayafi, ta tare mai babur. Asibitin da nisa, hanyar kuma duk ramuka. Ma'aikatan sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma kafin la'asar aka rufe yarinyar da zanen goyonta.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Daga cikin ɗaki uwar tana jiyo muryar mijin yana amsa gaisuwa, duk wanda ya zo sai ya ce masa haka Allah ya ƙaddara, kwana ne ya ƙare, wan nasa na taya shi. Ta ji sau ɗaya ta haɗiye, ta ji sau biyu ta cije leɓe. Da abin ya ishe ta sai ta miƙe, mata suna riƙe ta tana fizgewa, ta tsaya a bakin zaure inda kowa zai ji, ta ce, "Na yarda da ƙaddara, ban isa in ja da hukuncin Ubangiji ba. Amma Allah bai ce ka zuba guba a gorar kunu ba, bai ce ka ajiye ta inda 'yarka ke shan ruwa ba. Sau nawa na ce ka ɗauke? Kai kuma Yaya, da ka yi mini dariya, yau sai ka ƙara." Liman ya sunkuyar da kai, bai ce ta yi shiru ba, don ya san ba ta faɗi ƙarya ba. Mijin kuwa sai hawaye. Mutane suka ci gaba da zuwa suna yi masa sannu, yana amsawa da kai, kowace sannu kamar ana ɗana masa garwashi.

Saboda haka in ka koma gida yau, durƙusa ka dubi tsakar gidanka daga tsayin ɗanka, duk abin da ka gani ka ɗauke shi tun ana faɗa maka da baki. Masu iya magana sun gama zance da suka ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.