Hoton Gonar Magaji

"Ya sake ƙin tafiya, Baba," in ji Raihana mai shagon intanet a Gummi. "Hoton ya yi nauyi."

Kwana uku Magaji yana zaryar neman tallafin manoman shinkafa da ambaliya ta shafa. Ya zauna a gajiye.

"Rage shi, ɗiyata, amma kar ki ɓata shi. So nike su ga komi."

Ta rage nauyinsa. Hoton ya fito tar, ya tafi.

Washegari amsa ta zo, Raihana ta karanta masa: "Hoton gona muka nema, ba na gulbi ba."

Magaji ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ɗora yatsa kan wata tsamiya da ruwa ya ci rabinta.

"Hwaɗa musu wagga ita ce gonar. Gindin iccen ga nike hutawa."