Gwiwar Hannu

Ranar da aka cire masa bandeji, tsohon bai nemi komai ba sai teku.

Daga Chokwe ya zo, can cikin Mozambik, da yanar ido a idanunsa biyu. Har motar haya ta sauke shi a Durban bai ga ko bishiya ɗaya ba. Yanzu an yi aikin, gobe zai koma gida, kuma duk tsawon rayuwarsa labarin teku kawai yake ji.

Sipho ne ya ɗauki nauyin yawon. Ɗan kamasho ne a tashar ƙananan motoci, kowa ya san shi, kuma babu wanda ya fi shi iya zagi da Zulanci. Ya san makon ba na yawo da baƙo ba ne. Samari sun fara tare hanya suna farautar 'yan ƙasashen waje, kuma duk wanda aka gani yana rakiyar ɗaya, aikinsa da ɗakinsa sun tafi, in ma ya tsira da ƙasusuwansa.

"Baba, sharaɗi ɗaya," ya ce da yaren Shangan, yaren tsohon, murya ƙasa-ƙasa. "Ka kalla, ka ci, amma kada ka buɗe baki. In an tare mu, nan za su nuna." Ya taɓa gwiwar hannunsa. "Su tambayi sunanta da Zulanci. Sai ka ce indololwane."

"Indo... lolo..."

"Baba, ba waƙa ba ce."

"Wace irin ƙasa ce wannan, sai mutum ya san sunan gwiwar hannu kafin ya sha iska?"

Ana zafi, amma Sipho ya ba shi riga mai dogon hannu, ya saka masa maɓallan da kansa. Shi ma irinta ya sa.

Da suka isa bakin ruwa tsohon ya tsaya cak. Ya cire takalmansa, ya riƙe su a ƙirji. Can nesa jiragen ruwa sun yi layi suna jiran shiga tasha.

"Ɗana, ina ƙarshensa?"

"Ba shi da shi. Rage murya."

Tsohon ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya ɗanɗana, ya tofar. "Wadda ta sa gishirin nan ba ta iya girki ba." Sai ya fito da wata gorar roba ya cika ta. Ta matarsa ce, in ji shi. Ta ce in bai kawo ba, ba za ta yarda ya gani ba.

Suka bi gefen tekun a hankali. Tsohon yana tsayawa a gaban komai: wani kada da aka gina da yashi, masu jan amalanke da hulunan ƙaho, yara masu tsere da igiyar ruwa. A wurin wani Ba'indiye suka sayi burodin da ake rarakewa a cika da miyar wake. Sipho ya ce a rage yaji a ɗaya, bai ma tambaya ba. Duk inda suka nufa yana gaba da taku biyu, kamar hanya ce kawai ta haɗa su.

Da la'asar, dab da inda za su hau mota, aka tare su.

Samari ne da sanduna. Na gabansu Bheki ne, direba a tashar su Sipho, wanda suke cin abincin rana a kwano ɗaya.

"Ah, Sipho, ɗan iska! Yau yawon amarci aka fito? Wane ne wannan?"

"Wani tsoho ne. Hanya ya tambaye ni."

Bheki ya dubi gorar ruwan, ya dubi yashin da ke ƙafafunsu su biyu. Ya ɗaga hannu, ya buga gwiwar hannun da yatsa.

"Tsoho, mene ne wannan?"

Tsohon ya gyara tsayuwa. "Indo... lo... lolo."

Suka kwashe da dariya. Wani ya fizgi hannun rigar tsohon, maɓalli ya yi tsalle. Ga tabon rigakafi a ƙasan gwiwar hannu, inda ake yi wa mutanen Mozambik. Na 'yan ƙasa a sama yake, kusa da kafaɗa.

Bheki ya miƙa wa Sipho sandarsa. "Tun da kai ya tambaya hanya, nuna masa."

Sipho bai karɓa ba. Dariyar ta fara lafawa. Wani daga baya ya ce, "Shi ma Siphon nan, me ya sa kullum yake cikin dogon hannu?"

Sai tsohon ya yi magana, da guntun Zulancin da ya tsinta a asibiti.

"Ban san shi ba. Hanya kawai."

Sipho ya karɓi sandar.

Tsohon bai kare fuskarsa ba. Gorar ya rungume, yana kallon Sipho da sababbin idanunsa. A bugu na biyu ta kuɓuce, ta fashe, ruwan ya bi kwalta. Daga nan sauran suka rufu a kansa, kuma babu wanda ya sake tuna hannun rigar kowa.

Sipho ya yi tafiya har ihun ya daina zuwa kunnensa. Ya tsaya a bayan wani shago, ya duba maɓallin hannunsa na hagu. Yana nan a rufe.

Wayarsa ta yi ƙara. Lambar Chokwe ce. Ya ɗauka, muryar tsohuwa ta fito da yaren Shangan, cike da murna, tana kiransa da sunansa na gaskiya.

"Armando, ɗana, babanka ya ga tekun kuwa?"