Turaren da Na Sa wa Kawu

Ranar da Kawu zai zo daga Tirmini ganin lokotoro saboda ciwon huhunsa, Inna ta ce in gyara masa ɗaki. Shekarata tara. Na share, na zuba turaren wuta a kasko, na rufe ƙofa don ƙamshi ya kama, yadda ake wa babban baƙo a Birni.

Yana shiga ya durƙushe, yana kokawa da numfashi, idanunsa sun firfito. Inna ta jawo shi tsakar gida tana salati. Ni kuwa na sandare.

Da ya farfaɗo, ni ya fara nema. "Turarenki da daɗi, ƴata. Ƙirjina ne bai san abin arziki ba."

Har yau in na ɗauki kasko, sai na fara buɗe ƙofa.