Libarbar da Aka Ƙera Sau Biyu

Aminiyata Tasalla, jiya a gidan suna na ga fuskarki, na san maganar gidan gadon nan naku ce ke cin ki, tunda mai sayen ya zo ya duba ya ce ya fasa. Mutane sun yi yawa, ban samu na ce miki komai ba. Ga wani misali nan, ki karanta in kin idar da walaha, hankalinki a kwance.

An yi waɗansu 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, wan shi manomi ne, ƙanen kuma tela. Tun suna yara a kwano ɗaya suke cin tuwo, har furfura ta fito musu ba su raba ba. Ubansu tsohon soja ne, ya je yaƙin Turawa. Da za a sallame su, hafsan da ya yi wa hidima ya ba shi kyautar libarba, 'yar bindigar nan ta hannu mai cikin da ke juyawa. Amma kafin ya ba shi, sai da ya aika da ita can ƙasarsu, kamfanin da ya ƙera ta. Aka sake mata baki, aka goge duk wani ƙwarzane, aka rina ƙarfen ya yi baƙi wuluk, aka sa mata sabuwar ƙota, don ya ce ba a ba mutumin kirki tsohon abu. Tsohon ya rayu yana alfahari da wannan, kowa ya zo sai ya ji cewa sau biyu aka ƙera ta. Ranar da ɗansa na fari ya fara rarrafe ya toshe bakinta da darma, ya naɗe ta a tsohon rawani ya sa a akwati. Da ya rasu, a nan 'ya'yan suka bar ta, ba wanda ya taɓa cewa tawa ce.

Sai wata shekara saƙo ya zo daga birni. Wai akwai wani mai tara tsofaffin bindigogi, ba don harbi ba, jera su yake a akwatin gilashi kamar yadda muke jera kwanuka a kabad, ya ji labarinta, zai zo gani bayan girbi. Aka ce abin da yake bayarwa ya isa mutum ya je Makka ya dawo da tsaraba. Tun daga ranar nan zaurensu ya canza. Wan ya ce ai shi ne ke shafa mata mai duk damina. Ƙanen ya ce shi ne yake zaune a gaban tsoho ranar da zai cika, kuma da idonsa ya ga ya nuna masa akwatin. Ba su yi zagi ba, ba su ɗaga murya ba, sai dai telan ya ce wa matarsa ta riƙa kai masa tuwonsa ɗaki. Manomin ya zauna shi kaɗai gaban babban kwano, ya ci gefe ɗaya, a ɗauke sauran. A masallaci ma, in wannan ya tsaya dama, wancan ya nufi hagu.

Bayan girbi baƙon ya zo, mutum mai ladabi. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka warware rawanin. Ya ɗauke ta da hannu biyu yana juyawa, yana duban ta shiru. Wan ya ga kamar shirun ya yi yawa, sai ya ce bari ya ƙara mata daraja, ya kwashe labarin kamfani kaf ya faɗa, ƙanen yana taya shi, wanda rabon da su haɗa baki a magana tun kafin gero ya nuna. Baƙon ya kai ta bakin ƙofa wurin haske, ya nuna musu wani ɗan tambari kamar tauraro kusa da ƙota, ya ce ga shaidar gyaran nan, gaskiya suka faɗa. Ya ce aiki ya yi kyau, akwai ma masu son irinta, amma shi ba ya cikinsu. "Ni tsufanta na zo nema," in ji shi, "zufar hannun da ya riƙe ta, da inda kube ya cinye rinin. Su kuwa sun wanke mata shi tas." Ya naɗe ta da kansa, ya yi wa tsoho addu'a, ya sha ruwa, ya tafi.

Suka zauna, rawani a tsakaninsu, ba mai duban wani. Can telan ya tura shi gaban wansa ya ce, "To Yaya, ɗauki abarka, kai ke shafa mata mai." Wan ya turo masa ya ce, "Ina, ba kai aka nuna wa akwati ba?" Dariya ta kama su har manomin ya yi ƙwalla. Ana cikin haka aka kawo babban kwano daga cikin gida, telan ya jawo buta ya wanke hannu, ba wanda ya ce masa zo. Libarba ta koma akwatinta. Har yau tana nan, har yau kwanon ɗaya ne.

Ki duba, Tasalla, girmamawar da aka yi wa uba tun ba a haife su ba, ita ta kori mai saye, ita ta tsare musu zumunci. Ke da 'yan'uwanki har yanzu kuna gaisawa da fara'a, gidan kuma yana nan tsaye. Ki gode wa Allah, don masu iya magana sun ce wani hanin ga Allah baiwa ne.

Amma don Allah ki bar shi tsakaninmu, kada ki gaya wa kowa. Masu kwanon suna da rai, kuma kin sha cin tuwon gidan.