Hasumiyar da Ta Ci Ganuwa

Zauna, Malam Tanimu, in ba ka wani misali kafin ya kuɓuce mini. A ƙasar Italiya, zamanin da kowane birni ke da masu mulkinsa, an yi wani gida da ya riƙe wani gari shekaru masu yawa. Sunan garin ya ɓace mini, da na san shi. Al'adar manyansu ita ce gina hasumiya, tsawonta shi ne girman gida. Kakansu na farko ya gina hawa biyu, ya kewaye garin da ganuwar dutse. Duk wanda ya gaji mulki sai ya ƙara hawa ɗaya, don kada a ce bai kai ubansa ba.

Da mulki ya zo hannun na bakwai, ko na takwas ne, dutse ya ƙare a maƙwabta. Tsohon magininsu ya sanar da shi, shi kuwa ya ce a ciro daga ganuwar arewa, ai ba a taɓa kawo musu yaƙi ta can ba. Magini ya ce, "Ranka ya daɗe, kakanka ya sa dutsen nan ne don 'ya'yanmu su yi barci." Bai saurare shi ba. Aka ciro, hasumiya ta fi ta kowa.

Bayan damina uku abokan gaba suka zo, ta arewa. Mai garin yana da ɗa guda, ɗan ne ya tsaya a giɓin ganuwar da mutane kaɗan. Uban yana can ƙolin hasumiya, yana ganin komai sarai, har lokacin da aka kewaye ɗan. Ya yi kira, muryarsa ba ta iso ƙasa ba. Ya kama saukowa, matakala ɗari uku, ga tsufa. Kafin ya taka ƙasa an gama.

Sabbin masu garin ba su kashe shi ba. Sun bar shi a wata bukka, yana kallo ana sauke hasumiyar hawa hawa, ana mayar da duwatsun ganuwa. An ce kullum yakan je ya dafa inda aka toshe, ya daɗe a tsaye.

Me nake cewa ma? Yawwa. Hausawa sun riga sun faɗa: komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.