Sunan Baba a Waƙar Waɗanda Ruwa Ya Ci

Ina da shekara tara wani baƙo daga Baga ya sauka gidanmu a unguwar Manfuha da ke Riyad, da ƙullin bandar kifi a jakarsa. Ƙarnin kifin ya cika ɗakin. Bayan la'asar ya kunna wa Baba wata waƙa a wayarsa, wadda matan masunta ke yi a bakin Tafkin Chadi.

Waƙar wani jirgin ruwa ce da iska ta kifar ranar kasuwa. Mai waƙar tana kiran waɗanda suka nutse ɗaya bayan ɗaya, mata suna amsawa: "Ruwa ya riƙe, bai mayar ba." Larabcina ya fi Hausata a lokacin, amma na gane sunan ƙarshe: Isuhu direba, ɗan Hajara.

Na ce, "Baba, ai kai ne."

Baƙon ya kai hannu zai kashe. Baba ya ce, "Bar ta, Malam." Sannan ya dube ni. "Ni na tuƙa jirgin. Hadari ya haɗu, tsofaffi suka ce a jira, na ce za mu riga shi. Ni kaɗai na fita, a wani tsibiri. Ban koma Baga ba."

"To a gaya musu kana da rai mana."

"Uwata ta yi kukan ɗan da ya nutse. Ya fi mata sauƙi."

Baba ya rasu a Riyad, inda ko kogi babu, muka binne shi a busasshiyar ƙasa. A Baga kuwa har yau ruwa ne ya ci shi. Ni ma ban je na gyara ba.