Ranar da Na Ƙi Babana

Ni ne mai laifi, ba ni da hujja. Ina ɗan shekara tara lokacin. Babana direba ne a tashar Kawo, amma yana taɓa wasan kwaikwayo. Wata rana bayan la'asar muka cika tsakar gidan maƙwabcinmu a Unguwar Dosa, don shi kaɗai ke da talabijin. Sai ga Baba ya fito a talabijin ɗin a matsayin ɓarawon akuya da aka kama, yana roƙon a ji tausayin 'ya'yansa. Matan gidan har hawaye suka yi. Har yau ban ga wanda ya kai shi iya wasa ba.

Yara suka juyo kaina: "Ɗan ɓarawo! Ina akuyar?"

Na miƙe na ce, "Wallahi ba ubana ba ne!"

Ashe yana tsaye bakin zaure, ya zo ganin murnata. Ya gyara hularsa ya fita. Bai sake yin wasa ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba.

Sai da ya tsufa, ya daina gane mutane, na riƙe hannunsa na ce, "Baba, ɗanka ne. Ka yafe mini."